Likita ya ce a yanke tumbin Baba, Baffa ya ce wuƙa ba za ta taɓa shi ba

"Assalamu alaikum. Ni ne babban ɗa namiji a gidanmu, a nan Maradi. Mahaifina ɗan kasuwa ne, shekararsa 63. Kusan shekara biyu ana yi masa maganin gyambon ciki, yana shan omeprazol, ciwon ya lafa ya dawo. Wata biyar da suka wuce ya fara ramewa, daga kilo 68 ya koma 57. Loma uku sai ya ce ya ƙoshi, kuma yanzu yana amai da dare, wani lokacin har tuwon jiya ake gani a ciki. An yi masa fibro, wato leƙen ciki da tiyo mai kyamara ta baki, aka ga ƙari mai gyambo a ƙasan tumbi, kusan santimita 4, aka tsinko aka kai labo. Sakamako ya ce ciwon daji ne. Jininsa 8 ne. Likita ya ce a yi sikana, wato hoton cikin jiki da na'ura, daga nan mai yiwuwa a yanke mafi yawan tumbin. Baffana, yayan Baba, ya rantse wuƙa ba za ta taɓa ƙanensa ba. Ya ce daji in ya ji ƙarfe bazuwa yake yi, ya kawo misalin wani maƙwabcinsa da aka buɗe aka rufe, bayan wata biyu ya rasu. Har ya samo mai jiƙo. Ƙanena da ke Kano ya ce ya gani a waya ana cire irin wannan ta baki da tiyo, ba yanka, a kawo shi can. Inna kuka kawai take yi. Shi Baba ba mu gaya masa ba, yana zaton gyambo ne. Sati uku ke nan takardar sikana tana aljihuna. Shin mutum zai rayu babu tumbi? In na sa hannu aka yi aiki ya rasu, dangi ba za su yafe mini ba. Me zan yi?"

Wani ɗan'uwa daga Maradi

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa kaffara ne, kai kuma Ya saka maka da ɗawainiyar da kake yi. Kowa a gida yana faɗin ra'ayinsa, amma hannunka kaɗai ake jira a kan takarda, don haka ban ga laifinka ba da ka tsaya cak. Sai dai abin da ya fi tsaya mini a rai a wasiƙarka shi ne takardar nan da ta yi sati uku a aljihu. Ana gardamar a yanka ko kada a yanka, alhali ko likitan da kansa bai san ko ciwon na yankawa ne ba. Fibro ta nuna fuskar ƙarin daga cikin tumbi, labo ya faɗi sunansa. Zurfin da ya yi da inda ya kai, wannan sikana ce za ta faɗa. Ka kai takardar cikin satin nan. Yin hoton bai ɗaure ka ga tiyata ba, kuma ko Baffa ba zai ce hoto wuƙa ne ba.

Kafin hoton akwai abin da ya fi gaggawa. Aman da ke fito da abincin jiya yana nuna ƙarin ya fara toshe ƙofar da abinci ke fita daga tumbi zuwa hanji. Mai irin wannan aman yana zubar da ruwa da gishirin jiki, musamman fotasiyom, kuma ƙoda kan galabaita. Ruwan da ake ɗurawa a jijiya lokacin sikana yana iya ƙara wa ƙoda mai ƙishi nauyi, shi ya sa ake fara awon jini a duba kireyatinin, mai nuna aikin ƙoda, da gishirin jiki, in sun kauce a yi ƙarin ruwa tukuna. Ka gaya wa likita maganar aman nan dalla-dalla: sau nawa a yini, da abin da ake gani a ciki. In Baba ya kai ga ko ruwa ba ya zama, ko fitsarinsa ya ragu ya yi ja, ko ya yi aman jini ko mai kama da garin kofi, ko kashinsa ya yi baƙi kamar kwalta tare da jiri, ko cikinsa ya ƙage farat ɗaya da ciwo mai tsanani, kada a jira ranar ganin likita, a kai shi asibiti ko da tsakar dare ne.

Maganar ƙanenka tana da tushe, don abin da ya gani a waya ana yin sa. Ka ɗauki bangon tumbi kamar katangar laka: akwai yaɓe daga ciki, ƙarƙashinsa wani siririn shimfiɗi mai hanyoyin jini da na ruwan kaluluwa, sai tubalin, wato tsoka, sai tantanin waje. Ciwon daji daga yaɓen yake farawa. Muddin bai wuce nan ba, ana iya zura tiyon fibro, a yi allurar ruwa a ƙarƙashin wurin ya taso, a zagaye shi da ƴar wuƙar lantarki a feɗe shi gaba ɗaya, a fito da shi ta baki. Likitocin Japan ne suka ƙware da wannan hanya, saboda can ana leƙa cikin mutane tun suna da lafiya, sai a kama ciwon yana ɗan tabo. Sharaɗin da aka fi yarda da shi kuwa shi ne ƙarin ya tsaya a yaɓe, bai wuce santimita 2 ba, babu gyambo a kansa, kuma ƙwayoyinsa ba masu saurin watsuwa ba ne. Ƙwararru kan ɗan faɗaɗa sharaɗin, amma ba har ya kai ƙari mai santimita 4 mai gyambo wanda ya soma toshe hanya ba. Irin wannan kusan kullum ya riga ya shiga tubali, kuma mai yiwuwa ya taɓa kaluluwar da ke kewaye da tumbi ta waje, inda tiyo ba ya kaiwa. In aka kankare sama aka bar saiwa, an ɗauki kasadar huda tumbi da zubar jini a banza. Ka gaya wa ƙanenka haka cikin lalama. Mutumin da ke nesa da majinyaci waya ce kawai hannunsa, da ita yake neman abin da zai taimaka. Kuma tiyon yana da wani amfanin da zan zo kansa.

Baffa ma abin da ya gani da idonsa yake faɗa. Ana buɗe mutum a rufe, kuma ana rasuwa bayan wata biyu. Fassarar ce ta kauce. Wanda aka buɗe aka rufe, an tarar ciwon ya riga ya watsu a tantanin ciki kamar an yayyafa gero, ko ya kama hanta, sai likita ya ga yanka ba zai amfane shi ba. Ciwon ne ya riga wuƙar isa. Hanyar kauce wa abin da ya sami maƙwabcin nasa ita ce a san inda aka tsaya kafin a buɗe, kuma wannan ita ce hujjar da za ka shiga wurin Baffa da ita. Sikana ta ƙirji da ciki da mara tana gano ciwo a hanta da huhu da manyan kaluluwa, amma ƙananan ɗigon da ke kan tantanin ciki kan ɓace mata. Don haka likitoci da yawa, inda akwai kayan aiki, kan fara leƙawa da kyamara ta ƙaramar huda kusa da cibiya, su wanke cikin da ruwa su kai ruwan labo, kafin su yanke shawarar babban aiki. Ka tambayi likitan Baba ko za a iya yin haka. Ka kuma tafi da Baffa ranar da za a karanta sakamakon hoton, ya yi tambayoyinsa da bakinsa. Dattijon da aka ba girmansa a gaban likita ya fi sauƙin sassautawa a kan wanda aka kawo wa labari bayan an gama. In ya kawo maganar tawakkali, ai ya san hadisin da ke cewa Allah bai saukar da cuta ba face Ya saukar da maganinta. Addu'a da sauka da sadaka a ci gaba da su, ba su hana komai. Jiƙo da sassaƙe su ne zan roƙa a dakatar. Tumbin da ƙofarsa ta tsuke ba ya wuce da su, sai su taru su ƙara amai, wasu kuma suna taɓa hanta da ƙoda, gaɓoɓin da ake buƙata lafiya lau kafin barcin tiyata ko maganin daji. Ruwan kanwa ma haka, yana ƙara rikita gishirin jikin mai amai. Ƙaho da tsaga ga mai jini 8 ba su taso ba. Sannan ka binciki ledar magungunansa: diklofenak, ibuprofen, asfirin da duk ƙwayar ciwon jiki ta masu talla, a kawar da su, don suna sa ƙari mai gyambo zubar jini.

Ka sake duba takardar labo, ka sa likita ya karanta maka ainihin sunan ciwon. Mafi yawa adenokarsinoma ne, wato wanda ke farawa daga yaɓen tumbi, kuma a kansa nake magana. Amma akwai ƙarin tumbi da ake kira GIST, wanda akan yanke gefen da yake kawai ba tare da kwashe kaluluwa ba, kuma yana da ƙwayar sha ta musamman, imatinib. Akwai kuma dajin kaluluwa na tumbi da galibi magani ake ba shi, ba tiyata ba.

In sikana da leƙen kyamara suka nuna ciwon bai bar tumbi da kaluluwar kusa ba, to akwai damar warkewa, kuma tiyata ce ginshiƙinta. Babu ƙwaya ko allura ko hasken da ke maye gurbinta a wannan mataki. Tsarin da aka fi bi yanzu ga mai ƙarfin jiki shi ne a fara da maganin daji na jijiya, shimiyo kamar yadda ake cewa a asibitocinmu, haɗin da ake kira FLOT, zagaye 4 duk bayan kwana 14, a huta sati 4 zuwa 6, a yi aiki, sannan a ƙara zagaye 4. Wanda jikinsa ya yi rauni akan rage masa zuwa haɗin magani biyu. Sai dai toshewa da zubar jini kan sauya lissafi: mutumin da abinci ba ya zama a cikinsa ba zai jure wata biyu na shimiyo ba, don haka likita zai iya cewa a fara da aiki, magani ya biyo baya, ko a fara sa masa siririn tiyon abinci a hanji. Kowanne aka zaɓa, ka nemi a faɗa maka dalili.

Shi aikin kansa, tunda ƙarin yana ƙasa, galibi akan cire kashi uku cikin huɗu ko huɗu cikin biyar na tumbi, a bar ɗan ƙoƙo a sama. Ana yanka nesa da ƙarin da kusan santimita 5, don saiwarsa kan bi cikin bango fiye da inda ido ke gani. Ana haɗawa da mayafin kitsen da ke rataye a jikin tumbi, da kaluluwar da ke bin manyan jijiyoyin jini, kuma ana son labo ya ƙirga aƙalla 15 ko 16 daga cikinsu don a san matakin ciwon da gaske. Daga nan a ɗinke bakin hanjin farko, a janyo ƙaramin hanji a haɗa da ragowar tumbin. Da yawa kan yi haɗin mai kama da gwafa, a karkatar da ruwan matsarmama ya shigo santimita 40 zuwa 60 a ƙasa, don kada ya dinga hawa yana ƙona ragowar tumbi da maƙoshi. Aikin kan ci awa 3 zuwa 5, kwanciya kuma sati ɗaya zuwa biyu in komai ya tafi daidai. Ba sabon abu ba ne: tun 1881 Theodor Billroth ya yi wa wata mata irinsa a Biyana ta ƙasar Ostiriya, ta tashi ta ci abinci.

Ka tambaya ko mutum zai rayu babu tumbi. Zai rayu, ko da an cire shi duka. Tumbi rumbu ne da turmi: yana ajiye abinci, ya kirɓa shi, ya sake shi kaɗan-kaɗan. Tsotse amfanin abinci aikin ƙaramin hanji ne, shi kuwa yana nan. Abin da zai canza shi ne yadda Baba ke ci. Zaman akushi sau biyu ko uku ya wuce, sai ƙananan ci sau 6 zuwa 8 a yini, a tauna sosai, a raba ruwa da abinci da kamar minti 30. Abin da ke ba iyalai tsoro a watannin farko shi ne, mutum ya sha fura mai sukari ko lemon kwalba ko shayi na uku mai zaƙin nan, bayan minti 10 zuwa 30 zuciyarsa ta kama bugawa, gumi ya keto, jiri ya ɗebe shi, ciki ya murɗa da zawo. Sai a ce ciwon ya dawo, ko a ce iska ce. Zaƙi ne ya faɗa hanji lokaci guda babu mai tare shi. Wani kuma sai bayan awa 1 zuwa 3 jikinsa ya ɗauki rawa saboda sukarin jini ya faɗi. Maganin duka biyun a rage zaƙi, a ƙara ƙwai, kifi, wake da aka dafa ya yi laushi, nama mai taushi, nono marar sukari, da gyaɗa, wadda ba ta yanke wa Maradi. Akwai kuma bitamin B12, wanda sai da wani sinadarin tumbi jiki ke iya karɓar sa. In an cire tumbi duka, allurarsa ta zama ta har abada, galibi mikirogiram 1000 duk wata ɗaya zuwa uku. In an bar wani ɓangare, a dinga awo duk shekara, da yawa su ma sukan buƙata. Hanta tana da ajiyar da kan kai shekara biyu ko fi, shi ya sa ake mantawa, sai ƙafafu sun fara dindiris, jini ya ragu, mantuwa ta shigo. Ƙarancin sinadarin ƙarfe ma kan biyo baya. Zai ƙara ramewa a wata shida na farko kafin nauyin ya tsaya. Azumi kuwa a shekarar farko kada ya gwada, daga baya a haɗa likita da malami a kan ramuwa ko ciyarwa.

Ba zan ɓoye maka kasadar ba, tunda ita ce ke hana ka barci. Babban abin tsoro bayan aikin shi ne ɗinki ya yi yoyo, a mahaɗar tumbi da hanji ko a bakin hanjin da aka rufe. Yakan bayyana tsakanin kwana na 3 da na 7. Mai jinya ya sa ido: bugun zuciya da ya haura 100 ya ƙi sauka, zazzaɓi, sabon ciwon ciki ko na kafaɗa, numfashi sama-sama, ko ruwan da ke fita ta tiyon gefen ciki ya koma kore ko ya gurɓace. In an ga haka a kira majo, wato babban ma'aikacin jinya, nan take, kada a bari sai zagayen safe. Sai ciwon huhu, wanda ke kama mai tsoron tari saboda zafin ɗinki, da gudan jini a ƙafa ga wanda ya daɗe kwance. Shi ya sa ake tayar da majinyaci ya zauna ya taka tun washegari, kuma ba mugunta ba ce. Ƴan dubiya kuma kada wanda ya ba shi ko kurɓin fura ko ruwan rubutu a ɓoye sai likita ya ba da izini. Ana mutuwa a wannan aiki, kuma ko ya yi kyau ciwon yana iya dawowa, galibi cikin shekara biyu zuwa uku na farko. Amma ciwon da aka bari ba ya tsayawa inda yake. Ƙofar za ta gama rufewa, kuma ƙarshen wannan yunwa ce da ƙishi.

Mafi yawan abin da ke sa ɗinki ya ƙi kamawa yana hannunku tun yanzu. Baba ya zubar da kilo 11 cikin 68, kusan kashi 16 cikin 100 a wata biyar, alhali duk abin da ya wuce kashi 10 cikin wata shida tamowa ce mai tsanani a wurin likitan tiyata. Irin wannan akan so a ciyar da shi kwana 7 zuwa 14 kafin aiki. A gida, a bar tuwo da ganye da kilishi da duk abin da ke da zare, don su ne ke cushe ƙofar. A koma ga kunun gyaɗa mai ruwa-ruwa da aka tace, a kaɗa ƙwai a ciki yana kan wuta, a zuba cokalin man gyaɗa da madara. Romo da aka tace, da nono. Ƙaramin kofi ɗaya duk awa ɗaya ko biyu, ya zauna a miƙe awa guda bayan sha, kada ya kwanta da ciki cike don kada amai ya sarƙe shi ya shiga huhu. Wannan aiki ne da za ka danƙa wa Inna, da littafin rubuta abin da ya sha da abin da ya amayar. Mai kuka in ta sami abin yi da hannunta takan sami sauƙi. In an kwantar da shi aka fara ciyarwa ta tiyo ko ta jijiya, za ka ga ana farawa da kaɗan. Jikin da ya daɗe da yunwa in aka cika shi lokaci guda, fosfat da fotasiyom kan faɗi har zuciya ta rikice, shi ya sa ake tafiya a hankali tare da bitamin B1. Jini 8 ma sai an ɗaga shi, tunda na namiji lafiyayye daga 13 yake farawa. Ka tanadi mutum uku ko huɗu a dangi da za su ba da jini, a yi musu awo tun da wuri. In yana shan taba ya bari yau.

Idan kuma hoton ya nuna ciwon ya kai hanta ko tantanin ciki, babban yanka ba zai warkar ba, kuma likita na gari ba zai matsa a yi ba. Hakan ba ya nufin a naɗe hannu. Ana iya yin ƙaramin aiki a haɗa saman tumbi da hanji, abinci ya kewaye wurin toshewar. Ko kuma, nan ne tiyon ƙanenka ke shigowa, a zura wata ragar ƙarfe ta baki a buɗe ta a ƙofar da ta tsuke, mutum ya fara shan abu cikin kwana ɗaya ko biyu. Ragar tana da sauƙi amma takan toshe ko ta goce bayan ƴan watanni, kewayen kuwa ya fi daɗewa amma yana son jikin da zai ɗauki barcin tiyata. Shimiyo kan rage ƙarin ya ƙara kwanaki, hasken gashi, wato gasa ƙarin da hasken na'ura, kan tsayar da zubar jini, morfin kuma maganin zafi ne halal ga mai buƙata, ba alamar an sallama mutum ba.

Game da inda za a yi, kada sunan gari ya ruɗe ku. Ku tambayi likitan nan Maradi kai tsaye: sau nawa yake irin wannan aikin a shekara, akwai gadon kulawa ta musamman bayan tiyata, akwai jini, ina za a kai abin da aka cire a auna, kuma in ɗinki ya yi yoyo da dare wa zai dawo. Likitan kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi, kuma shi zai fara cewa ku wuce gaba in ya ga ya fi. Yamai tana da cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa, wadda ta fara gashin haske a 2021, amma tafiyar ta fi kilomita 600. Kano ta fi kusa, ga asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, ga ƙanenka da masauki, sai dai akwai canjin kuɗi da iyaka, wadda kowa ya ga yadda ta rufe a 2023. Jinyar gaba ɗaya takan kai wata shida, don haka ku zaɓi inda za ku iya farawa ku gama, ku nemi a rubuta muku kuɗin dukan matakan kafin a sayar da gona ko shago. Abin da ya fi cutarwa shi ne a yi rabi nan rabi can. Duk inda za ku, ku ɗauki takardar fibro, sakamakon labo, faifan sikana da kansa, in da hali har da ɗan kakin da aka daskarar da tsokar a ciki.

Saura maganar da kake kewayewa. Baba mutum ne mai hankalinsa, wanda ya yi shekaru yana yanke shawarar kasuwa da ta gida. Ya ga wandonsa yana zamewa, ya ga idon Inna, ya ga ana yin shiru in ya shigo. Da wuya a ce bai san akwai abin da ya fi gyambo ba, mai yiwuwa shi ma ku yake rufa wa. Tumbinsa ne, kuma sa hannun nasa ne a shari'a da wurin likita. Yana da basussuka da amanar mutane da wasiyya da zai so ya shirya ko da zai yi shekara ashirin nan gaba. Ba sai an jefa masa kalmar a tsakiyar ƴan dubiya ba. Ka zaɓi safiya, lokacin da amai ya lafa, kai da shi da likita, in ya so da Baffa. A fara tambayarsa yadda shi yake ganin ciwon, da ko yana so a faɗa masa komai ko ya wakilta wani. In ya ce ku ji ku yanke, ya ba ka wakilci da bakinsa a gaban yayansa. In ya ce a faɗa, a faɗa a hankali: ƙari ne mai mugun hali, ana so a ga inda ya kai, akwai abin yi ko ta wace hanya. In ya ji komai ya ce ba ya son aiki, wannan ma haƙƙinsa ne, sai a nemi hanyar da zai ci ya sha cikin sauƙi. Ta kowace fuska, nauyin da kake tsoron dangi su ɗora maka ya sauka daga kanka kai kaɗai.

Kada kuma ka ci kanka a kan shekara biyun omeprazol. Maganin yana kwantar da zafin ko da daji ne ke ƙasa, shi ya sa ake ruɗuwa. Amma abin ya shafe ku, kai da ƙannenka. Babban sanadin wannan ciwo wata ƙwayar cuta ce, Helikobakta pilori, wadda hukumar binciken daji ta duniya ta sa cikin tabbatattun masu haddasa shi tun 1994, kuma galibi tun yarinta ake ɗaukar ta a gida ɗaya. Ƴaƴa da ƴan'uwan mai ciwon sun fi sauran mutane kasada. Idan hankali ya ɗan kwanta ku yi awon kashi na wannan ƙwayar, bayan an dakatar da omeprazol na sati 2 da duk wani maganin kashe ƙwayoyin cuta na sati 4, in ba haka ba awon zai ce babu alhali akwai. Wanda aka samu a jikinsa zai sha haɗin magani na kwana 10 zuwa 14, a sake awo bayan wata guda a tabbatar ta mutu. Baffa ma yana cikin waɗanda ya kamata a auna, kuma in yana fama da ciwon ciki da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, a shekarunsa fibro ce ta kamace shi.